Kawu da Kasuwar Alhamis

Kawu, yayan mahaifiyata, ya koma ga Mai shi ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na Batsari, bayan ciwon da bai wuce kwana huɗu ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa.

Kwana ukun nan na zaman makoki a zaure na yi su, gefen taubashina, wanda shi kaɗai ne ɗa namiji da Kawu ya bari. Ban iya magana da yawa ba, sai kallon masu shigowa. Malamai sun zo, waɗanda suka yi karatu a gabansa sun zo, dangi daga Zakka da Safana sun zo. Duk wannan an saba gani. Abin da ba a saba gani ba a makokin malami shi ne matan kasuwa. Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ta tsufa a gindin tsamiyar kasuwa, ta shigo da faifai a ka. Maimakon ta wuce cikin gida wurin mata, sai ta durƙusa gaban taubashina ta sauke.

"Wannan tashi ce," in ji ta. "Ran Alhamis ya shinshina ya ce ba ta kai ba, in bari sai wani mako. To ga ta, ta kai."

Sai kuka ya ci ƙarfinta, har sai da aka fito daga ciki aka kama ta.

Amma akwai wasu masu gaisuwar da ni kaɗai nake gane abin da ke ƙarƙashin harshensu. Za su ɗaga hannu su ce, "Allah shi jiƙan shi, Allah shi yafe mai abin da muka sani da wanda ba mu sani ba," su ɗan ja ƙarshen maganar, su dubi juna. Wani tsohon mahauci na garinmu Karare ko takalmi bai cire ba. A bakin zaure ya tsaya, ya shafa addu'a a tsaye, ya juya. An nuna masa tabarma, ya yi kamar bai gani ba. Taubashina ya sunkuyar da kai bai ɗago ba sai da mutumin ya ɓace.

Da girmana na koyi rubutun boko, hannuna kuma ba ya sauri. Amma na ga in aka bar labarin Kawu a bakin mutane, wannan jan ƙarshen maganar ne kaɗai zai rage. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani, har da wanda ba ya yi mini daɗi.

Kawu malamin allo ne kamar mahaifinsa. Kwana biyar na mako yana zaure yana biya karatu. Ranar Alhamis babu karatu, ranar kuma kasuwar Batsari take ci. Tun da hantsi zai yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya rataya wata 'yar jakar fata wadda ban taɓa ganinta cike ba, ya fita kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Daga 'yan hatsi yake farawa. Zai tsugunna ya ɗebi gero kaɗan, ya murza a tafi, ya hure, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya lumshe ido. "Wannan na Karare ne, daga jigawa. An yanke shi da ɗan sauran ɗanye." Mai geron zai yi dariya ya ce haka ne. Daga nan sai 'yan kayan miya. Yana murza garin kuka tsakanin yatsu ya faɗa maka ko a inuwa aka shanya ganyen ko a rana. Yana ɗaga busasshiyar kuɓewa ya karya ya saurari ƙararta. Wurin masu citta da kanumfari da masoro da kimba yakan fi daɗewa, don a nan hancinsa yake samun abin da yake so. Gishirin Buzaye sai ya lasa. Man shanun matan Fulani sai ya sa an buɗe masa ƙwarya uku ko huɗu, ya yaba wannan, ya ce waccan ba a turara ta da kyau ba. Sai ya yi godiya ya wuce. Bai sayi komai ba.

Masu sabon zuwa kasuwar sukan ji haushi. Wani ya taɓa ce masa, "Malam, in ba saye za ka yi ba ka ba masu saye wuri." Kawu ya ce, "Ka yi haƙuri, ni gaisawa na zo yi da kayan." Tsofaffin 'yan kasuwa kuwa so suke ya tsaya gabansu, domin duk abin da ya yaba kafin azahar ya ƙare.

Da la'asar zai dawo gida, wani lokaci da gauta ɗaya a jaka, wani lokaci da guntun citta. Matarsa, wadda duk muke ce wa Iya, takan tare shi a tsakar gida.

"Malam, mutum shi wuni kasuwa shi dawo da gauta guda?"

"Ai na ga sauran. Suna lafiya, suna gaishe ki."

Ba kaya kaɗai yake dubawa ba. Mutane ma haka yake yi musu. Na bi shi sau ɗaya bayan na yi aure, ran da na kawo gyaɗa kasuwa, har na gaji da tsayuwa. Kowace rumfa sai ya tambayi gida. "Ina babban ɗanka da ya karye bara, ya koma gona? Ƙaramin fa, ya isa riƙe garma? Ɗiyar da ka aurar Zakka ta sauka?" Ya san wa ke da 'ya'ya nawa, wa ya girma, wa ya yi ƙaura, har laƙabin da uwa ke kiran ɗanta da shi. A lokacin wannan abin daɗi ne. Mutum yakan ji ana sane da shi. Ko da yake tun a lokacin akwai masu cewa ba banza ba, wai mutum ba ya wuni yana zagaye haka kawai, ƙila masu sayen gyaɗa na kanti ne suke aiko shi ya gano musu kaya. Da wasa ake faɗa, a yi dariya a wuce.

Sau ɗaya a shekara Kawu yake sayayya ta gaske, Alhamis ɗin ƙarshe kafin Babbar Sallah. Ranar ba ya tsayawa shinshine-shinshine. Ya riga ya san cittar wa zai ɗauka, barkonon wa, ƙuli-ƙulin wace mata, man shanun wace ruga. Duk kallon shekara na wannan ranar ne. Yajin Sallah kuma da hannunsa yake dakawa, a wani ƙaramin turmi da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Matan gida sukan laɓe suna dariyar malami da taɓarya yana atishawa, shi kuwa ko a jikinsa.

Washegarin Sallah kowa gidan Kawu yake nufa. Mu na Karare mu taho a ƙafa, na Zakka da Safana su kwana a hanya bisa jakuna, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. A shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin ceɗiyar tsakar gida. Ga tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu, ga waina, ga soyayyen nama cikin babban akushi gaban Kawu. Ba ya yarda a sa hannu a ɗiba. Shi yake rabawa, ɗaya bayan ɗaya, ya barbaɗa yaji ya kira mutum ya miƙa masa. Ya san mai son hanta, ya san mai son kitse, ya san tsohuwar da haƙoranta suka ƙare sai an yayyaga mata. Ni ƙoda nake so tun ina ƙarami, kuma bai taɓa mantawa ba. Shi kansa ba ya ci sai kowa ya gama. Zai jingina da ceɗiya ya ce, "Ku ci in gani," yana kallon bakunanmu kamar yadda yake kallon kayan kasuwa. A nan ake shirya waɗanda suka ɓata, a nan ake ganin jariran shekara, a nan mahaifiyata, wadda nake ce wa Inna, take komawa yarinya tana tsokanar yayanta wai yajin bana bai kai na bara ba.

Haka muke har shekarun babban yaƙin Turawa, lokacin da aka aiko cewa ana neman maza su je haƙar kuza a duwatsun Jos. Ba a tambayi wanda yake so ba. Wata safiya dogarai suka iso Karare da takarda, aka tara mu a dandali, aka fara kiran sunaye. Abin da ya tsaya wa kowa a rai shi ne yadda aka kira mu daidai, kowa da sunan ubansa da laƙabinsa, babu kuskure ko ɗaya. An kira ni. An kira babban ɗan mahaucin nan, abokina ne tun na yarinta. Lokacin shekarata ɗaya da aure, matata kuma tana da ciki.

Tun muna hanya, a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa, wani abu ya dawo mini. Mako biyu kafin nan na ci karo da Kawu a rumfar 'yan goro. Yana zaune da malamin hakimi, wato mai rubuta wa hakimi takardu. Kawu ya kira ni, ya kama mini dantse ya matsa, ya ce, "Dubi ɗan ƙanwata, ya zama ƙato." Malamin hakimi ya dube ni daga sama har ƙasa. Sannan ga wani abin: daga Batsari ma an ɗebi mutane, amma taubashina, wanda ya fi ni ƙarfi, yana gida ba a taɓa shi ba.

Ba zan tsawaita kan abin da muka gani a can ba. Sanyi ne da ruwan sama da laka, da kwanon ƙasa a ka daga safe zuwa yamma, da abincin da ba ya kai ciki. Ciwon ƙirji ya kama abokina, ya yi tari na kwana goma ya cika. Da hannuna na sa shi a rami tsakanin duwatsu, inda ko yau aka kai ni ba zan gane wurin ba. A bukkokin da muke kwana kuwa zancen ɗaya ne: wa ya ba da sunayenmu? In na iso sai a yi shiru. Ran nan wani mutumin Batsari ya gaji da ɓoye-ɓoye, ya ce a gabana, "Duk ƙasar nan wa ya san ɗiyan kowa da laƙabinsu? Wa ke wuni kasuwa ba ya saye ba ya sayarwa?" Ban kare Kawu ba. Na tuna hannunsa a dantsena.

Da na dawo na tarar matata ta haihu. Ta ba ni labari cewa duk bayan mako biyu Kawu yakan zo da kansa da jaki, ya sauke mana gero daga rumbunsa, ya wuce sauran gidajen da aka ɗebi mazansu ya sauke musu. Ragon suna ma shi ya kawo. Tana faɗa tana sa masa albarka. Ni kuwa a raina cewa na yi, me ya sa sai gidajenmu? Wanda bai yi komai ba, me zai sa ya kwashe rumbunsa? Mahaucin ma haka ya fassara. An ce geron ƙarshe da aka kai masa a ƙofar gida ya bar shi har kaji suka cinye.

Da Sallah ta zo na ce ba ni zuwa. Inna ta ce in ban je ba kada in ƙara kiranta uwa. Na je. Aka zauna ƙarƙashin ceɗiya kamar kullum, aka fara rabo. Da ya zo kaina sai ya zaro ƙoda, ya barbaɗa yaji, ya miƙo yana murmushi. Na bar hannayena bisa gwiwa.

"Karɓi mana, ɗana."

"Na ƙoshi, Kawu."

"Daga Karare a ƙafa, ka ƙoshi?"

"Na saba da yunwa. An koya mini ita can inda aka tura ni."

Inna ta daka mini tsawa, "Kai! Yayana ne fa kake ma magana!" Amma na riga na fara.

"Kawu, tambaya guda gare ni. Ran da ka kama mini dantse a rumfar 'yan goro, mi malamin hakimi ya tambaye ka?"

Ya mayar da naman cikin akushi. Ya goge yatsunsa a hankali. Ni jira nake ya ce a ɗauko Alƙur'ani ya dafa, kuma wallahi da ya rantse da na karɓi naman nan na ci. Sai ya ce:

"Ya tambaye ni ɗan wa ne kai, na faɗa mai. Mun zauna da shi Alhamis uku ko huɗu. Shi yana son farin goro, ni ina son hira. Ya tambayi mutane, na ba shi labarinsu yadda nake ba kowa. Ban ga takarda a hannunshi ba, bai kuma ce mini ga abin da yake nema ba. Amma in ka ce in rantse babu sunan da ya fita bakina ya shiga takardar nan, ba ni iyawa. Ban sani ba. Tun ran da aka tafi da ku nake juya abin nan."

"Taubashina fa? Mi ya sa aka bar shi?"

"Shi ma ban sani ba."

Na tashi, na ce wa matata ta goya yaro. Muka kama hanyar Karare rana tsaka, Iya tana bin mu har ƙofar gida tana roƙo.

Kafin Alhamis ta zagayo maganar ta shiga kasuwa, kuma ba yadda ya faɗe ta ta shiga ba. Cewa aka yi malam ya amsa da bakinsa gaban danginsa. Ni ban gyara wa kowa ba.

Na yi zaton zai daina fita kasuwa. Bai daina ba. Wannan ma na ɗauke shi shaida: mai kunya ai da ya zauna gida. Wata Alhamis, bayan shekara biyu ko uku, na ajiye aikina na bi shi daga nesa tun safe, don in ga da wa yake ganawa. Na ga ya tsugunna gaban wani mai gero da suka saba, ya buɗe baki ya ce, "Ina babban..." sai ya haɗiye sauran. Ya ce, "Geron nan ya yi kyau." Mutumin ya ja tsumma ya rufe bakin buhu. A 'yan kayan yaji wata mata ta janye faifanta ta juya baya. Matan Fulani, da ba ruwansu da zancen gari, su suka buɗe masa ƙwarya. Daga nan ya je gindin tsamiya ya zauna kusa da tsohuwa mai daddawa, suka daɗe suna gardama kan kalwar bana. Bai gana da kowa ba. Bai tambayi ɗan kowa ba. Da la'asar ya tafi gida. Na koma Karare na ce wa matata, "Ya gane ina bin shi ne."

Taron Sallah ya riƙa raguwa. Dangin Karare suka janye, har da ni, wasu na Zakka suka bi su. Bayan shekara biyar na koma zuwa saboda Inna, in gaishe shi in zauna can gefe. Amma ban ƙara cin komai a gidan ba. Kullum sai in ce ciki ne ke damuna. Shi kuma bai ƙara miƙo mini ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Sai dai kowace shekara ina ganin ya ware ƙodar gefen akushi, daga baya Iya ta raba wa 'ya'yana.

Shekara goma sha uku muka yi a haka. Sai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu, na shiga don in iya karanta takarda da kaina, kada a ƙara kiran sunana daga abin da ban san me ke ciki ba. Malamin da aka turo mana daga Safana, tsoho mai furfura da tabarau, ina ganinsa na gane shi. Malamin hakimin nan ne, ya bar aiki. Wata biyu ina zaune gabansa ina koyon baƙaƙe, ina kallon hannun da ya rubuta sunana. Ran nan bayan an tashi na tsaya.

"Malam, ka tuna wani malamin allo na Batsari mai zagayen kasuwa?"

"Mai cizon gero?" Ya yi dariya. "Yana nan da rai? Shi ya koya mini gane goro mai tsutsa tun ba a fasa ba."

Na faɗa masa ko ni wane ne, da abin da ake cewa. Dariyar ta ɗauke. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Subhanallahi. Sunayen ai suna cikin takardar haraji tun kafin a san da zancen kuza. Umurni ne ya zo: duk gidan da ke da 'ya'ya maza baligai biyu ko fiye, a ɗauki ɗaya. Ni na kwafe su da hannuna, wuni guda. In akwai alhaki a wuyana yake. Wa zai tsaya tsintar suna a hirar kasuwa?"

"Laƙabin fa?"

"Da laƙabi ake rubuta ku tun asali. In ba haka ba, ya za a raba mutum goma masu suna ɗaya a gari ɗaya?"

Na koma gida na zauna ina bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Mu biyu ne da ƙanena. Mahauci 'ya'ya uku gare shi. Kawu ɗa ɗaya. Duk suka zauna daidai, sai gida biyu da na kasa tuna ko maza nawa ke cikinsu a lokacin. Kunya ce in faɗa, amma gidajen nan biyu na riƙe fiye da wata guda. Ina cewa ƙila tsohon abokin hirarsa yake karewa. Ina cewa mutumin da ya yi aikin takarda ya iya shirya magana. Gaskiyar ita ce na daɗe da zargin nan har ban san yadda zan zauna babu shi ba.

Da na gaji da yaudarar kaina, sai na yanke cewa tunda gaban dangi na tozarta shi, gaban dangi zan wanke shi. Sallah saura mako uku. Matata ta ce, "Batsari ba nisa gare ta ba. Ka tafi gobe ka faɗa mai, ran Sallah ka maimaita." Na ce a'a, so nake abin ya yi kyau, in tashi tsaye kowa na ji. Har na shirya kalmomin da zan faɗa.

Saura kwana tara Sallah aka aiko cewa Kawu ya rasu. Ko labarin ciwon ban ji ba.

Taubashina ya ce taro ba zai mutu ba, don haka washegarin Sallah muka hallara, ba mu fi rabin yadda muke da ba. Da aka zauna na miƙe na faɗi komai, tun daga rumfar 'yan goro har abin da tsohon malamin hakimi ya gaya mini. Kalmomin da na shirya duk suka gudu, na faɗa yadda ya zo. Iya ta rufe fuska da mayafi. Wani dattijo cikin dangin Zakka ya ce, "To, ka tabbata shi wancan ɗin gaskiya ya faɗa maka?" Na ce mutumin da ya ɗora alhaki a wuyansa ban ga ribar da zai ci da ƙarya ba. Ya kaɗa kai, ban san ko ya yarda ba.

Sai Inna ta juyo gare ni.

"Yaushe ka ji wannan maganar?"

"An kusa wata biyu, Inna."

Ta daɗe tana dubana.

"Mu mun ji," in ji ta. "Amma ba mu ke buƙatar ji ba. Wanda ke buƙata ka bar shi ya tafi da ita a ciki. Yanzu abin da ya rage, a kasuwa aka ɓata shi, can za ka je. Rumfa rumfa. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Na fara. Alhamis huɗu ke nan ina zuwa, ba na saye ba na sayarwa, ina tsugunnawa gaban mutane ina ba su labarin takardar haraji. Wasu sun yi salati sun yi masa addu'a. Wasu sun ce su dama ba su taɓa yarda ba, alhali na san da bakinsu aka yaɗa. Da yawa cikin waɗanda ya kamata su ji sun riga sun mutu. Makon jiya kuwa, ina barin wata rumfa, na ji mai ita yana tambayar maƙwabcinsa a hankali, "Shi kuma wannan mi yake nema? Wa ya aiko shi?"

Ban juya ba. Na wuce rumfa ta gaba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya saka masa da abin da muka hana shi. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In da saura, ya sa ni ciki, domin ban samu na roƙi gafararsa ba.